Piebald: Asalin Kalmar Da Turawa Ke Kiran Dokin Danda Da Ita

Idan ka ɗauki kalmar piebald ka raba ta gida biyu a gaban Baturen zamanin nan, ka ce ya fassara maka, dariya zai yi. A wurinsa pie wani gashin fulawa ne da ake cusa wa nama ko 'ya'yan itace a ciki, bald kuwa mai sanƙo ne. Ka ga in an haɗa su ba abin da zai fito sai shirme. Alhali kalmar tana da ma'ana tsayayya wadda ba ta da alaƙa da abinci ko sanƙo: dabba ce, musamman doki, mai manyan dabbare na fari da baƙi a jiki. Abin da ya faru shi ne, kowane ɓangare na kalmar ya sauya ma'ana cikin shekaru ɗari huɗu da suka wuce, ita kuwa haɗaɗɗiyar kalmar ta tsaya inda aka bar ta.

Kafin a shiga asali, ya kamata a san irin launin da ake magana a kai, domin nan ne masu koyon Turanci suka fi yin tuntuɓe. Ba kowane roɗi-roɗi ake kira piebald ba. Ɗige-ɗigen jikin zabo speckled ne. Na damisa spotted ne. Zagaye-zagayen da ke bayyana a jikin hurde, masu kama da inuwar ganye a ƙasa, dappled ake ce musu. Launin da ya caɓe, ba ka iya cewa ga inda wannan ya tsaya wancan ya fara, shi ne mottled. Piebald kuwa faci ne manya, marasa tsari, masu iyaka a fili: nan fari fat, nan baƙi wuluk. Duk wanda ya san dawakai a ƙasar Hausa ya san wannan, domin shi ne danda, kamar yadda akawal yake baƙi, kili kuma fari. Saniyar madara ta Holstein, wadda hotonta ya cika gwangwanayen madara, ita ma misali ce da kowa ya sani.

Ɓangaren farko, wato pie, sunan tsuntsu ne. A Turai da yawancin Asiya akwai wani tsuntsu ɗan dangin hankaka, mai doguwar jela, kansa da ƙirjinsa da bayansa baƙi, cikinsa da kafaɗunsa fari. Rumawa suna kiransa pica da Latin. Kalmar ta goge a bakin Faransawa ta koma pie, kuma da wannan siffa ta tsallaka Ingila bayan da Normawa suka ci ƙasar da yaƙi a 1066, lokacin da dubban kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Turanci. Shekaru aru-aru sunan tsuntsun ke nan, pie kawai. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 aka liƙa masa Mag a gaba, wato gajarcen sunan mace Margaret, wanda a lokacin ake tsokanar mace mai yawan surutu da shi. Tsuntsun kuwa ba ya rufe baki. Daga nan ya zama magpie, sunan da yake amsawa har yau, tsohon sunan kuma ya ɓace daga bakin jama'a. Turawa sun saba da irin wannan: robin, ɗan tsuntsun nan mai jan ƙirji, daga sunan Robert ya samo nasa.

Tun kafin magpie ya samu sabon suna, an riga an ciro sifa daga tsohon. A ƙarni na 14 ana cewa abu pied ne idan yana da fari da baƙi irin na tsuntsun, daga baya ma'anar ta faɗaɗa ta haɗa da duk abin da ke da launi biyu ko fiye a faci-faci. Wannan sifa tana nan da ranta a sunayen tsuntsaye, kuma a nan ne muke da haɗi da ita kai tsaye: hankakanmu, mai baƙin jiki da farin ƙirji, sunansa na Turanci pied crow. Tunkiyar Uda ma, wadda rabin gabanta baƙi ne ko ja, rabin bayanta fari, da wannan sifa masana dabbobi ke kwatanta ta idan suna rubutu da Turanci. Akwai kuma tatsuniyar nan ta garin Hamelin a Jamus, ta mai busa sarewar da aka ce ya yi awon gaba da yara 130 a shekarar 1284. Turawan Ingila suna kiransa Pied Piper, kuma da yawa daga cikin masu ambaton sunan ba su san cewa rigarsa mai launi-launi ake nufi ba.

Ga wani ɗan ratse. Kalmar Latin ɗin nan, pica, ta bi wata hanyar daban ta shiga littattafan likitoci. Saboda an ɗauki tsuntsun a matsayin mai cin duk abin da ya samu, sai aka sa sunansa ga larurar kwaɗayin abin da ba abinci ba, irin cin farar ƙasa ko gawayi da wasu masu juna biyu ke yi. Har ma wasu masu nazarin harshe suna ganin shi kansa gashin fulawar nan daga tsuntsun ya samo suna, saboda tarkacen da ake zubawa a cikinsa, amma wannan hasashe ne da ba kowa ya yarda da shi ba.

Ɓangare na biyu ya fi ban sha'awa. A Turancin wajen shekarar 1300 ana rubuta kalmar ballede, kuma ban da rashin gashi tana ɗauke da ma'anar farin tabo, musamman wanda ke goshin doki ko saniya. Masana sun rabu kan tushenta. Wasu sun kai ta ga harsunan Kelt, domin a harshen Wales akwai bal, wadda ake faɗa wa dabba mai farin goshi. Wasu kuma sun danganta ta da kalmar ƙwallo, saboda santsi da zagayen kan mai sanƙo. Ko wanne ne, ba wuya a ga inda ma'anonin biyu suka haɗu: kan da gashi ya zube wani fili ne mai haske da sheƙi a tsakiyar duhu. Ma'anar sanƙo ta yi rinjaye, ta farin tabo ta maƙale a 'yan wurare kaɗan. Mafi shahara a cikinsu ita ce gaggafar Amurka, wadda ke jikin hatimin ƙasar tun 1782. Sunanta bald eagle, kuma duk wanda ya kalli hotonta zai ga kanta cike yake da gashi, fari ne kawai. Masu dawakai a Amurka har yanzu suna cewa doki bald face ne idan farin ya mamaye fuskarsa har ya kai ga idanu.

To da aka haɗa biyun, abin da ya fito shi ne: mai farin tabo irin na magpie. Rubuce-rubucen da suka fara ɗauke da kalmar na wajen shekarun 1580 ne, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, kuma tun farko a kan doki aka fi amfani da ita.

A Birtaniya masu dawakai suna da tsauri a nan. Piebald baƙi da fari ne kaɗai. Idan farin ya haɗu da ja, ko ruwan ƙasa, ko wani launi da ba baƙi ba, to sunansa skewbald, kalmar da ta bayyana a rubuce wajen tsakiyar ƙarni na 17, daga wata tsohuwar sifa skued mai nufin gauraye-gaurayen launi. Idan suna son haɗa su gaba ɗaya sai su ce coloured, wato mai launi. Irin waɗannan dawakai ne suka fi yawa a kasuwar dawakai ta Appleby da ke ci duk watan Yuni a arewacin Ingila, inda al'ummomin Romani da matafiyan Ayalan ke haɗuwa, domin su ne suka riƙe kiwon danda a lokacin da manyan masu kuɗi ke raina shi. Abin mamaki, a can ƙololuwar sarauta ma ana ganinsa: manyan dawakan da ke ɗaukar tamburan azurfa a faretin dakarun fadar Ingila bisa al'ada masu dabbare ne, mahayinsu kuma da ƙafa yake sarrafa linzami tunda hannuwansa biyu suna kan kiɗa.

Amurkawa ba su damu da wannan rabe-raben ba. Su dawakansu ta hannun Sifaniyawa suka fara zuwa, don haka kalmar da ta kama bakinsu ita ce pinto, wadda ke nufin wanda aka yi wa fenti. Kuma maimakon su tambayi wane launi ne ya haɗu da farin, sai suka riƙa tambayar yaya farin ya kwanta a jiki. Idan ya ratsa gadon baya, ƙafafu farare, kai kuma mai duhu, wannan tobiano ne, sunan da aka ɗauko daga wani hafsan soja na ƙasar Brazil a ƙarni na 19, Rafael Tobias de Aguiar, wanda aka san shi da irin waɗannan dawakai. Idan kuwa farin ya tsaya a kuiɓi da wuya bai haura baya ba, fuska kuma ta yi fari sosai, wannan overo ne. A ganina tambayar Amurkawa ta fi ta Ingila amfani, kuma kimiyya ta goyi bayansu. Dokin da Bature ya kira piebald da wanda ya kira skewbald na iya zama ɗan uwa da ɗan uwa, ƙwayar gado guda ce ta ba su farin, launin da ke ƙarƙashi ne kawai ya bambanta.

A nan ne maganar ta tashi daga ƙamus ta koma cikin mahaifa. Farin da ke jikin danda ba wani launi ba ne da aka ƙara. Wuri ne da launi bai iso ba. Abin da ke ba fata da gashi duhu sinadari ne da ake kira melanin, kuma wasu ƙwayoyi na musamman ne ke sarrafa shi. Waɗannan ƙwayoyin launi ba a cikin fata suke fara rayuwa ba. Lokacin da ɗan tayi yake ƙarami ƙwarai, suna fitowa ne daga wani siririn layi da ke bin tsawon gadon baya, kusa da inda laka za ta kasance, sai su bazu ta dama da hagu suna gangarawa, suna ninkuwa a hanya, har su haɗu a ciki. Idan suka yi ƙaranci, wuraren da suka fi nisa da baya su ne za su rasa. Kamar mai shafe ne da ya fara daga saman bango, fenti ya ƙare masa kafin ya kai ƙasa. Shi ya sa idan ka lura da kyanwa ko kare ko akuya mai ɗan fari, kusan kullum a wurare ɗaya za ka same shi: ƙirji, ciki, ƙafafu, bakin jela, da goshi. Ka tsefe farin gashin ka duba, fatar da ke ƙasa ma ba ta da duhu, jaja-jaja take.

An daɗe ana zaton cewa ƙwayoyin nawa suke yi a tafiya. A 2016 masu bincike daga jami'o'in Bath da Edinburgh suka buga sakamakon aikin da suka yi a kan ɓeraye masu dabbare, inda suka nuna akasin haka: ƙwayoyin ma sun fi na sauran ɓeraye sauri, matsalar ita ce ba sa ninkuwa da yawa, don haka ba sa isa su rufe jiki. Ƙwayar gadon da ta fi fitowa a wannan batu ana kiranta KIT. Ita ce ke da hannu a tsarin tobiano na dawakai da kuma dabbaren wasu shanu da aladu. A karnuka kuwa wata ce daban, MITF. Wani abin lura: shi magpie da ya ba da sunan, da hankakanmu, farin jikinsu ba irin wannan ba ne. Nasu ado ne na jinsinsu, kowane ɗaya da shi yake ƙyanƙyashewa a wuri guda.

Lamarin bai tsaya ga ado ba, domin ƙwayoyin launi suna da aiki a can cikin kunne, kuma idan babu su ji ba ya samuwa. Tun 1859 Charles Darwin ya lura cewa fararen kyanwoyi masu shuɗin ido galibi kurame ne. Karen Dalmeshiya, wanda ake haifa fari tas kafin ɗige-ɗigen su fito, a haƙiƙa mai dabbare ne da farin ya cinye jikinsa duka, kuma binciken da aka yi a Amurka ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 nasu ba sa ji da kunne ɗaya ko duka biyu. A dawakai akwai wanda ya fi wannan muni. Wani nau'in overo yana tafiya da wata ƙwayar gado da ake kira EDNRB. Idan ɗan doki ya gaji guda ɗaya, sau da yawa yakan fito da kyakkyawan dabbare. Idan ya gaji biyu, daga uwa da uba, za a haife shi fari fat, hanjinsa babu jijiyoyin da ke tura abinci, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Dalili shi ne jijiyoyin hanji da ƙwayoyin launi daga layi guda na gadon baya suka taso. Yanzu masu kiwo kan yi gwajin gashi kafin barbara don kauce wa wannan asara.

Likitoci sun ari kalmar suka yi mata gashin wutsiya, piebaldism, don larurar da ake samu a ɗan Adam, kuma a nan ba ruwansu da ƙa'idar baƙi da fari ta masu dawakai. Ana haihuwar jariri da ita. Alamar da ta fi fitowa, a wajen mutum 8 zuwa 9 cikin 10 na masu ita, ita ce tukkun farin gashi a gaban kai, da farin tabo a goshi ƙarƙashinsa. Akan samu wasu tabban a ƙirji da ciki da tsakiyar hannu da wajen gwiwa, sau da yawa da 'yan tsibiran duhu a cikinsu, baya kuwa da tafukan hannu da ƙafa yawanci ba abin da ke taɓa su. A 1991 aka tabbatar cewa KIT ce sanadi a mutane ma. Idan ɗaya daga cikin iyaye yana da ita, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gado, shi ya sa ake ganin farin tukkun yana bin zuriya kaka da kakanni.

Mutane suna yawan haɗa ta da wasu abubuwa biyu. Ba zabiyanci ba ne: zabiya yana da ƙwayoyin launi a ko'ina, sinadarin ne ba sa iya sarrafawa yadda ya kamata, kuma abin yana shafar jiki duka har da gani. Ba kuma bitiligo ba ce, wadda ke fitowa daga baya, tana yaɗuwa, saboda garkuwar jiki ta juya tana kashe ƙwayoyin launi. Wannan ta haihuwa ce, inda take nan take zama, ba a ɗauka, ba ta da alaƙa da kuturta, abin kiyayewa kawai shi ne rana a kan farar fatar. Idan kuwa farin tukkun ya zo tare da rashin ji ko idanu masu launi daban-daban, likita zai yi tunanin wata larurar, wadda aka sa wa sunan likitan idon nan ɗan ƙasar Holan, Petrus Waardenburg, da ya bayyana ta a 1951.

Akwai tarihi mai ɗaci a bayan amfani da wannan kalma a kan mutum. Saboda farin ya fi fitowa a baƙar fata, bayi 'yan asalin Afirka masu wannan larura sun zama abin kallo a Turai a ƙarni na 18 da 19. Wata yarinya mai suna Mary Sabina, da aka haifa a 1736 kusa da Cartagena ta ƙasar Kolombiya ta yau, an zana hotonta an yaɗa shi cikin littattafan masana halitta na Turai. Wani yaro kuma, George Alexander Gratton, an ɗauko shi yana jinjiri daga tsibirin St Vincent aka kai shi Ingila ana biyan kuɗi ana kallonsa a wuraren wasa, ya rasu a 1813 bai kai shekara biyar ba, kabarinsa yana garin Marlow. Saboda haka a yau sunan larurar ba laifi a bakin likita, amma ka dubi mutum ka kira shi piebald cin fuska ne, kalmar dabba ce.

Da ma tun da wuri kalmar ta ɗauki wani ɗanɗano na raini idan aka fitar da ita daga barga. A 1663 mawaƙin Ingila Samuel Butler ya yi amfani da ita wajen zolayar masu burga da ilmi, waɗanda ke cakuɗa Turanci da Latin da Girkanci a magana guda, ya kamanta harshensu da riga mai faci-faci. Da yana nan ya ji Ingausar da muke yi a rediyo, da wuya mu tsira daga bakinsa. Wannan ma'ana ta abin da aka harhaɗa daga nan da can ba tare da ya dace ba tana nan a manyan ƙamusoshi, sai dai a rubutun adabi kaɗai ake cin karo da ita yanzu.

Inda kalmar ke da kasuwa a yau, ban da dawakai da asibiti, shi ne wurin masu kiwon dabbobin sha'awa. Mafarauta a Amurka suna ba da labari idan suka ga barewar dajinsu mai dabbare, domin ba kasafai ake samu ba. A daji irin wannan fari haɗari ne, yana tona asirin dabba ga mai neman cinye ta, shi ya sa ya fi yawa a dabbobin gida da mutum ke karewa, har yake zaɓar su da gangan. A gwajin da Dmitry Belyaev ya fara a 1959 a Novosibirsk ta Rasha, inda aka riƙa zaɓar yanyawa mafi sauƙin hali ana haɗa su, an ga farin tabo na yawaita a goshinsu, kuma har yanzu masana suna jayayya kan ko sauƙin halin ne ya jawo shi ko kuwa da ma yana cikin dabbobin da aka fara da su. Sai kuma wata ƙaramar mesa ta Afirka ta Yamma, wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, da ake fitar da ita daga Gana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka. Jefi-jefi akan samu wadda rabin jikinta fari ne sal, sauran kuma da zanensa na asali. A ƙarshen shekarun 1990 masu kiwo a Amurka suka tabbatar cewa ana gadon wannan, amma sai an samu daga uwa da uba duka, kuma a farkon lamarin ana sayar da guda ɗaya kan dubban daloli. Yanzu da aka hayayyafa su da yawa farashin ya faɗi ƙwarai, kuma a tallace-tallacensu ba sa ma rubuta kalmar duka, pied kawai suke sawa.